KO ANA GADON CIWON ZUCIYA?

 Mun saba yin magana a wannan shafi a kan taki, da iri, da rumbu. Yau za mu yi magana a kan lafiyar mai riƙe da fartanyar, gama in babu shi babu gona.

Akwai wata irin rasuwa da takan girgiza gari. Magidanci wanda bai wuce shekara hamsin ba, da ƙarfinsa, ya dawo daga gona ko daga kasuwar Sara, ya ce ƙirjinsa ya yi masa nauyi. Gumi ya karyo masa. Kafin a samo mota, rai ya yi halinsa. A wurin zaman makoki sai wani dattijo ya tuna cewa haka mahaifinsa ya tafi, haka kuma wansa. Daga nan magana takan rabu biyu. Waɗansu su ce jifa ne, su soma zargin ɗan'uba, ko maƙwabcin da aka taɓa yin rigimar iyakar gona da shi. Waɗansu kuma su ce abin a jininsu yake, 'ya'yan ma sai su zauna su jira ranarsu. Magana ta fari takan raba zumunci. Ta biyu takan sa mutum ya naɗe hannu alhali akwai abin yi.

Lalle ana gadon saurin kamuwa da wannan ciwo, kowace al'umma a duniya kuwa da irin nata gadon. Amma abin da aka gada iri ne. Kowane manomi ya san iri ba ya yin komai sai ya sami ƙasa da ruwa.

WANE CIWON ZUCIYA MUKE NUFI?

Zuciya tsoka ce, girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita. Tana bugawa wajen sau 100,000 a kwana ɗaya, tana tura jini ko'ina cikin jiki kamar yadda injin ban ruwa yake tura ruwa cikin lambu. Ita ma tana bukatar abinci. Akwai waɗansu ƙananan jijiyoyin jini da suka kewaye ta, kaurinsu kamar na karan alkama. Ta nan take samun nata rabon.

A cikin jinin kowa akwai wani irin maiƙo da likitoci suke kira kolestarol. Jiki yana bukatarsa, hanta ce ma take yin mafi yawansa. In ya yi yawa sai ya riƙa taruwa a bangon jijiyoyin nan, shekara da shekaru, kamar yadda laka take taruwa cikin tiyo. Hanya ta ƙuntata. Mutum ya soma jin ƙirjinsa yana ɗaurewa in ya hau tudu ko yana huɗa, in ya huta kuma ya sake shi. Wata rana wurin da maiƙon ya taru ya tsage, jini ya daskare a kansa, hanya ta toshe ɗungum. Sashen zuciyar da yake shan jini ta wannan hanya sai ya soma mutuwa, kamar fangalin da aka datse wa ruwa. Wannan shi ne bugun zuciya.

Akwai waɗansu cututtukan zuciya dabam: kumburin da hawan jini yake kawowa, da wanda yake lalata ƙofofin zuciyar yara bayan ciwon maƙogwaro, da wanda yake kama masu jego, wanda likitocin Zariya suka yi bincike a kansa a shekarun 1970. Namu na yau shi ne toshewar jijiyoyin zuciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 ya kashe mutum kusan miliyan 9, fiye da kowace cuta a duniya.

YADDA GADO YAKE AIKI

Manomi ba baƙon gado ba ne. Dattawanmu suna tuna 1975, shekarar da cuta ta nannaɗe ganyen gyaɗa ta cinye gonaki a arewacin ƙasar nan. Bayan wannan asara malaman gona na Samaru suka himmatu wajen fitar da iri mai jure cutar. Haka yake ga shanu. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa na Birnin Kudu mutanen dā sun zana shanu marasa tozo, irin da ba ma kiwo a nan yanzu. Muturu na kudu, wanda shi ma ba shi da tozo, yana jure sammore. Bunaji ba ya jurewa kamarsa, amma ya fi shi nono da juriyar tafiya. Kowane iri da ƙarfinsa da rauninsa.

Mutum ma haka ne. A cikin ƙwayoyin jikinmu akwai umarnin da muka gada, an ɗaure shi dami-dami har 46, watau biyu-biyu sau 23. Rabi daga uba, rabi daga uwa. A cikin dammunan nan akwai ƙwayoyin gado wajen 20,000.

Wata cutar ƙwayar gado ɗaya ce take kawo ta. Misalin da muka sani shi ne sikila, watau amosanin jini. Sa'ad da Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka yi babban binciken zazzaɓin cizon sauro a ƙasar Garki, nan cikin Jigawa ta yanzu, daga 1969 zuwa 1976, an tarar kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da ƙwayar sikila guda. Mai guda ɗaya lafiyarsa lau, har ma tana kāre shi daga zazzaɓi mai tsanani. Wanda ya gaji biyu shi ne mai ciwo.

Toshewar jijiyoyin zuciya ba ta cika bin wannan hanya ba. Ta fi kama da tarin hatsi, tsaba kan tsaba. Masana sun gano wurare fiye da 200 cikin dammunan gado waɗanda kowannensu yake ƙara haɗari ko rage shi kaɗan. Kowa yana da waɗansu. Wanda masu ƙarawa suka taru masa da yawa, shi ne yake kan gaba.

SHAIDAR DA AKA SAMU

A garin Framingham na Amurka, a 1948, likitoci suka soma bin lafiyar mutum 5,209. A 1971 suka ɗora da 'ya'yansu. Suka ga cewa wanda ciwon ya kama uwarsa ko ubansa da wuri, haɗarinsa ya kusa ninka na sauran. Da wuri a nan yana nufin namiji kafin shekara 55, mace kafin 65.

A ƙasar Suwidin kuma an bi tagwaye wajen 21,000 har shekara 26, aka fitar da sakamako a 1994. In namiji ya rasu da wannan ciwo kafin shekara 55, ɗan'uwan tagwaicinsa wanda suke kama ɗaya sak, gadonsu ɗaya, haɗarinsa ya ninka wajen sau 8. In tagwayen ba masu kama ɗaya ba ne, wajen sau 4 ne. Daga irin wannan bincike masana suka ƙiyasta cewa gado yana da hannu cikin wajen rabin bambancin da ke tsakanin mutane a kan wannan ciwo. Sauran rabin yana wurin abinci, da aiki, da taba, da yanayin zama.

KOWACE AL'UMMA DA NATA GADON

Na fari, yawan maiƙon jini na gado. Wannan shi ne mai ƙarfi, gama ƙwaya ɗaya ta isa. Hantar mai ita ba ta iya kwashe kolestarol daga jini yadda ya kamata, tun daga haihuwa, ko da siriri ne mai aikin ƙarfi. Likitoci biyu na Amurka, Michael Brown da Joseph Goldstein, su suka gano dalilin, aka ba su kyautar Nobel a 1985. A duniya wajen mutum ɗaya cikin 250 zuwa 300 yana da ita, kowane ɗa nasa kuma ko ya gada ko ya kuɓuta, rabi da rabi. Amma a cikin Turawan Afirka ta Kudu da ake kira Afirkana ta kai wajen ɗaya cikin 100 ko fiye. Dalili, kakanninsu 'yan kaɗan ne da suka soma sauka can daga 1652, waɗansu cikinsu suna da ƙwayar, zuriyarsu kuma ta yi ta auren juna. Haka ta yi yawa a ƙasar Labanan, inda Kwarorin Kano da yawa suka fito. Wani likita a Berut, Khachadurian, ya nuna yadda take bin iyali a 1964. In uwa da uba duka suna da ita, ɗa ɗaya cikin huɗu yana iya gadon biyu, ciwon ya kama shi tun yana yaro.

Na biyu, mutanen Indiya da Fakistan da Bangaladash. Bugun zuciya na fari yakan same su wajen shekara 5 ko 6 kafin sauran mutane. Jikinsu yana saurin tara kitse a ciki da kamuwa da ciwon sukari ko ba su yi ƙiba sosai ba.

Na uku, labari mai daɗi ga baƙar fata. A 2006 masana biyu na birnin Dallas, Helen Hobbs da Jonathan Cohen, suka ba da labarin wata ƙwayar gado mai suna PCSK9. A cikin baƙaƙen Amurka, waɗanda kakannin yawancinsu daga Afirka ta Yamma aka kwashe su, mutum 2 zuwa 3 cikin 100 sun gaji wani nau'inta da yake rage mugun maiƙon jini da kashi 28 cikin 100. Cikin shekara 15 da aka bi su, ciwon jijiyoyin zuciya ya ragu musu da kashi 88 cikin 100. An sami nau'in nan a cikin Yarabawa da mutanen Zimbabuwe. Daga wannan ilimi aka yi sababbin allurai masu rage kolestarol, aka soma amfani da su a 2015. Watau gadon Afirka ya zama magani ga duniya.

Na huɗu, wanda ba mu ji daɗinsa ba. Akwai wani maiƙon jini mai suna lipofurotin-a, wanda wani likitan Nowe, Kare Berg, ya gano a 1963. Yawansa a jini kusan duk gado ne, abinci ba ya canza shi sosai, yana kuma ƙara haɗarin toshewa. Wajen mutum ɗaya cikin biyar a duniya nasa ya yi yawa, 'yan asalin Afirka kuwa su ne kan gaba, sun fi Turawa da mutanen Sin.

Na biyar, wani wuri a dami na tara da ake kira 9p21, wanda aka gano a 2007. A cikin Turawa da mutanen Asiya yana ƙara haɗari a fili. Da aka duba baƙaƙen fata, alamar ba ta fito da ƙarfi haka ba.

Ashe babu al'ummar da aka ba alheri zalla, babu kuma wadda aka ɗora wa rauni zalla.

TIYAR WATA KASUWA

A lissafin da aka yi a 2019, cikin mutanen da aka bincika gadonsu a irin wannan aiki, kashi 78 cikin 100 Turawa ne. 'Yan asalin Afirka wajen kashi 2 ne kacal. Alhali kuwa mutanen Afirka sun fi na kowace nahiya bambancin gado a tsakaninsu. A Burkina Faso, a 1996, an nuna cewa Fulani sun fi maƙwabtansu Mosawa jure zazzaɓin cizon sauro, ga su kuwa a yanki ɗaya, sauro ɗaya yake cizonsu. Saboda haka abin da aka gani a Bayarabe ba lalle ya zama daidai ga Bahaushe, ko Bafulatani, ko Bawarje ba.

A Turai akwai gwajin da yake tara ƙananan ƙwayoyin nan ya ba mutum maki. Da jinin Turawa aka tsara shi, don haka ba ya auna mu daidai, kamar tiyar wata kasuwa a hannun mai awon wata. Domin gyara wannan aka kafa shirin H3Africa a 2010, inda masanan Afirka suka yi binciken gadon mutanensu.

A nan sai mu ja kunne. Waɗansu sukan zo kasuwa da 'yar na'ura da kwamfuta, su ce ka ɗora hannu su faɗa maka duk cutar da ke jikinka, sa'an nan su sayar maka da magani. Na'urar nan ba ta karanta gado, ba ta ganin jijiyar zuciya. Ku riƙe kuɗinku.

HALIN DA MUKE CIKI A NAN

A dā bugun zuciya baƙo ne a asibitocin Nijeriya. Ko a rahoton da likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano suka fitar a 2006, bayan sun duba shekara biyar, masu wannan ciwo ba su kai ɗaya cikin 100 na waɗanda aka kwantar a sashensu ba. Amma daga 2013 zuwa 2018, wani aikin haɗin gwiwa na asibitocin ƙasar nan, ƙarƙashin Farfesa Simeon Isezuo na Sakkwato, ya rubuta mutum fiye da 1,000 da ciwon ya kama. Mafi yawansu suna da hawan jini. Masu ciwon sukari ma suna da yawa.

Gadonmu bai canza cikin shekara talatin ko arba'in ba. Zamanmu ne ya canza. Babur ya karɓe tafiyar ƙasa da keke. Dunƙulen miya da gishiri sun ture daddawa. Lemon kwalba, da taliyar leda, da soye-soye sun shigo har ƙauye. Samari sun kama sigari da shisha.

A wurinmu ƙofar da ciwon ya fi shigowa ita ce hawan jini, shi ma kuwa yana bin gida. Wajen manya 3 cikin 10 a Nijeriya suna da shi, da yawa ba su sani ba, gama ba ya ciwo. Jikin baƙar fata da dama yana riƙe gishiri fiye da na waɗansu. Wani babban bincike da aka yi a Nijeriya da Gana, har da asibitocin Kano da Zariya, ya nuna a 2018 cewa hawan jini ne uban tafiya wajen shanyewar ɓarin jiki. Ya kuma nuna cewa rashin cin ganye da ƙara gishiri a kwano suna ƙara haɗari.

Har magani ma yana bin jiki. A 2019 Dokta Dike Ojji na Abuja da abokan aikinsa suka gwada magungunan hawan jini a kan mutum 728 a ƙasashen Afirka shida. Suka tarar haɗin da yake da amlodifin a ciki ya fi saukar da jinin baƙar fata. Likita ne zai zaɓa maka naka. Kada ka ari na maƙwabci.

IRI ƊAYA, ƘASA DABAM

Ga shaidar da ta fi ba mu ƙarfin gwiwa. A 1997 aka gwada hawan jini a tsakanin mutanen da asalinsu ɗaya ne amma zamansu dabam. A Afirka ta Yamma, kashi 16 cikin 100 suke da shi. A tsibiran Karibiyan, irin su Jamaika, kashi 26. A cikin baƙaƙen Amurka, kashi 33. Inda ƙiba da gishiri suka ƙaru, nan ciwon ya ƙaru.

A 2004 wani bincike a ƙasashe 52 ya nuna cewa abubuwa tara ne suke bayan kashi 90 cikin 100 na bugun zuciya, a kowace nahiya da kowace ƙabila: maiƙon jini, taba, hawan jini, ciwon sukari, tumbi, damuwa, rashin cin ganye da 'ya'yan itace, rashin motsa jiki, da yanayin shan giya.

A 2016 kuma aka duba mutum fiye da 55,000, aka ware waɗanda gadonsu ya fi muni. Cikinsu, waɗanda ba sa shan taba, ba su yi ƙiba ba, suna motsa jiki, suna cin abinci mai kyau, haɗarinsu ya ragu kusan rabi in an gwada da 'yan'uwansu masu gado iri ɗaya da ba su kula ba. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

ABIN DA KOWANE GIDA ZAI YI

1. Ku tambayi dattawa tun suna nan. Wannan gwajin gado ne da ba a biyan ko kwabo. Wa ya rasu farat ɗaya, yana da shekara nawa? Wa ya sami shanyewar ɓarin jiki, ko hawan jini, ko ciwon sukari? A tambayi dangin uwa kamar yadda za a tambayi na uba, gama gadon jini ba ya bin rabon gona. A rubuta, a nuna wa likita.

2. Ku duba jiki. Ƙulli mai tauri a agara ko a bayan yatsun hannu, rawayan tabo a fatar ido, ko farin zobe kewaye da baƙin ido ga wanda bai kai shekara 45 ba, suna iya nuna yawan maiƙon jini na gado. A je a yi gwajin jini. In an same shi, a gwada iyaye, da 'yan'uwa, da 'ya'ya. Akwai ƙwayoyin magani da ake kira sitatin, ana amfani da su tun 1987, suna saukar da maiƙon sosai.

3. Auren zumunta al'adarmu ce, ba shi ne yake ƙirƙiro cuta ba. Amma in ciwon yana gidan, yana iya haɗa ƙwaya biyu a kan yaro ɗaya. Kamar yadda muka koyi gwajin sikila kafin aure, gidan da aka san suna da wannan tarihi su nemi shawarar likita.

4. Kowane babba ya auna jininsa aƙalla sau ɗaya a shekara. In ya kai 140 bisa 90 ko fiye a ranaku biyu dabam, a ga ma'aikacin lafiya. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya daina don ya ji sauƙi. Sauƙin nan aikin maganin ne.

5. A rage gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a rana, watau ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda yake cikin dunƙule. Kanwa ma danginsa ce. A koma ga daddawa, da albasa, da citta, da tafarnuwa.

6. Abincinmu na gado yana da kyau: gero, dawa, wake, gyaɗa, riɗi, zogale, rama, yakuwa, kuka. A rage kitsen nama, da man shanu, da sukari, da man da aka yi ta maimaita suya da shi.

7. A bar taba kowace iri. Wanda ya daina, cikin shekara guda haɗarinsa yakan ragu wajen rabi.

8. Da rani, in aikin gona ya ƙare, kada a koma zaman dandali kawai. A yi tafiyar ƙasa ta rabin sa'a kullum.

IN ABIN YA ZO

Ga alamu: nauyi ko matsewa a tsakiyar ƙirji da ya wuce 'yan mintoci bai saki ba, yana iya sauka hannun hagu ko ya hau wuya, muƙamuƙi ko baya. Gumi mai sanyi, haki, tashin zuciya, jiri. Mutane da yawa sukan ɗauka gyambon ciki ne, su sha kanwa su kwanta. Mata, da tsofaffi, da masu ciwon sukari wani lokaci ba sa jin zafi sosai, sai gajiya da haki.

Kada a jira gari ya waye. Kada a tsaya jiƙo ko turare. Kada a bar shi ya yi tafiya da ƙafa. A zaunar da shi, a nemi mota, a nufi babban asibiti mafi kusa, kamar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. A faɗa wa likita lokacin da ciwon ya soma, da tarihin gidan. Maganin narkar da daskararren jini ya fi aiki cikin sa'o'in farko. Kowace sa'a da aka ɓata, wani sashen zuciya ne ya tafi.

AIKIN ƘUNGIYA

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyar da ta iya haɗa kuɗin taki ta iya yin waɗannan:

A sayi na'urar awon jini mai batir daga asusu. A roƙi ma'aikacin lafiya na yankin ya koya wa mutum biyu, namiji da mace, yadda ake aiki da ita. A riƙa awo kafin a buɗe taro, mutum ya zauna minti biyar tukuna. A rubuta a littafi, a kuma riƙe asirin kowa.

A ware wani abu da kaka domin asusun gaggawa, na kuɗin mota da na magani. Da yawa sukan yanke magani a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa.

A shirya da direba ɗaya ko biyu da za a iya tasa da dare, kowane gida ya riƙe lambarsu. Wannan ya fi muhimmanci ga ƙauyukan da suke nesa da titi, irin na wajen Fagam da Basirka.

A dasa zogale a kowane gida, a kuma bar wa iyali fangali ɗaya na ganye a lambun rani kafin a kai saura kasuwa.

In rasuwar farat ɗaya ta auku, shugabannin ƙungiya su je ta'aziyya da wannan bayani. Su kwantar da zargi, su ƙarfafa 'yan'uwan mamacin su je awo.

TAMBAYOYI DOMIN TARONKU NA GABA

Mutum nawa cikinmu suka san awon jininsu?

Wane abinci ne ya shigo gidajenmu wanda iyayenmu ba su ci ba?

In ciwon ƙirji ya kama ɗayanmu da tsakar dare, wa za a kira, da wace mota, da kuɗin wa?

Ba mu muka zaɓi irin da aka ba mu ba, amma gyaran gonar yana hannunmu. Sakataren kowace ƙungiya ya karanta wannan shafi a taro, ya aiko mana da abin da kuka yanke. Allah ya ba mu lafiya da amfanin gona mai albarka. Sai mun sadu a fitowa ta gaba.